Ga wadda za a kai Kwatano, ga yadda zaman yake

Salamu alaikum ƴan uwana mata na Tawa da ƙauyukan kewaye. Tunda na zo gida ganin Inna ban huta da tambaya ba, gidan suna ko gidan biki duk inda na shiga sai wata ta ja ni gehe, wance za a kai ta Kwatano ta ƙasar Benin bayan Sallah, wance mijinta ya kama ɗaki ya ce ta taho, to yaya zaman can yake, wai gaskiya ne kihi arha, wai gaskiya ne ruwan pampo ba ya ɗaukewa. Irin wannan magana ba a gama ta a tsaye bakin ƙofa da takalmi a hannu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta da tsawonta, wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba.

Mu ƴan Adar mun tashi mun iske tahiya biɗa, ba yau anka fara ta ba. Ana gama girbi a zuba damman hatsi cikin rumbu sai maza su kama hanya, wasu Abijan, wasu Lome, wasu Legas, wasu Kwatano, gari ya rage daga tsohi sai mata da yara. Abin da mu mata munka sani na bakin teku shi ne ranar dawowa, akwati da turmin atamfa da sabuwar waya da ƙamshin turare. Ba wanda ke zaunar da ke ya gaya miki inda ya kwana ko abin da ya ci cikin watannin nan. Yanzu da maza da yawa sunka koma ɗaukar iyali ya kamata mace ta san abin da za ta iske, don wallahi na ga amare da sunka iso da murna, ba a jima ba sun rame sun koɗe, kullum suna kan waya suna ma uwayensu kuka.

Hanyar kanta doguwa ce. Daga Tawa ki sauka Kwanni, ki bi Dogon Dutsi, Doso, ki gangara Gaya, ki ƙetare kogin Isa ki shiga Malanbil, daga nan kuma akwai sama da kilomita 700 gabanki, Kandi, Paraku, Dasa, Bohikon, kamin ki kai. Har Kandi ba za ki ji baƙunta sosai ba, ƙasar ta yi kusa da tamu, ana jin Hausa a tasha, kuma Dandancin da suke yi ɗan uwan Zabarmanci ne, in kin taɓa zama Yamai za ki tsinci magana. Daga Paraku ne abu ke canzawa, itace ya yi duhu, doya tsibi tsibi bakin hanya, can ƙasa kuma abarba da manja cikin kwalabe, iska ta yi nauyi ki ji mayahinki na manne miki a wuya.

To wannan nauyin iskar shi ne abu na farko da nike son ku gane, don shi ke juya rayuwar mace a garin nan gaba ɗaya. Mu nan mun saba da zahin da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, amma busasshe ne, ki shiga inuwar bedi ki sha ruwan randa ki samu sauƙi, dare ya yi ki shimfiɗa tabarma tsakar gida. A Kwatano da wuya zahi ya wuce 33, in an gaya miki haka sai ki ce ai aljanna ce, amma gumi ba ya bushewa a jiki, kamar an kulle ki cikin bayin da wata ta gama wankan jego yanzu. Ki yi wanka, kamin ki gama ɗaura zane kin jiƙe. Randa ba ta sanyaya ruwa yadda munka sani, don ita ma da busasshiyar iska take aiki. Yara su yi ta ƙurajen gumi a wuya da baya. Kwanan waje kuwa babu shi, ga sauro ga ruwa na iya saukowa tsakar dare, ga ba hilin ma.

Damina biyu gare su a shekara, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan da ke sauka can a shekara ya kai wajen milimita 1300, mu nan Tawa in mun samu 400 sai mu ce Alhamdulillahi shekara ta yi kyau. Ki yi wanki ki shanya, kwana biyu kaya na kan igiya ba su bushe ba, sun fara tsami. Ki buɗe akwatin lehenki bayan ɗan lokaci ki iske hunhuna ta hau takalman fata, ta hau jaka, atamfar da kike tattali ta yi ɗigo ɗigo baƙi. Gishiri ya narke cikin gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, iskar teku mai gishiri ta ci ƙarhe, keken ɗinki, ƙyauren ƙofa, wuƙa, bantilate, komi sai tsatsa. Kilishi da cukun da Inna ta ɗaure miki da hannunta, wanda nan zai yi watanni bai ce komi ba, can in ba ki cinye ko ki raba ma maƙwabta da wuri ba, sai dai ki zubar kina hawaye. Mu duk tarbiyyarmu ta ajiya ce, rumbu, taiki, busasshiyar kuɓewa, kuka, a shanya a ɗaure a rataye, shekara ta zagayo abu na nan. Can abu ba ya ajiyuwa, kuma wannan na taɓa zuciyar mace hiye da yadda kuke zato, don sai ki ga duk abin da uwarki ta koya miki na riƙon gida ya zama sai kin sake koyon shi.

Dabarun da matan da sunka riga ni sunka koya min, na gwada sun yi aiki. Kada ki jingina akwati ko katifa da bango, ki sa katako ƙarƙashi. Duk ranar da rana ta hito sosai ki fitar da kaya su sha iska ko ba ki wanke su ba. Kuka, kuɓewa, daudawa, yaji, zogale, duk ki zuba su cikin roba mai murhi mai kamawa sosai ko bidon, ba leda ba, ba ƙwarya ba. Gero ki zo da tsabarshi, kada ki niƙo gari da yawa, ki riƙa niƙa na kwana biyu uku. Keken ɗinki ki shahe shi da mai ki luluɓe. Turaren wuta ma ba na ƙamshi kaɗai ba ne can, yana rage warin danshi cikin ɗaki.

Ruwa kam gaskiya ne akwai shi, kuma ba zan raina wannan ni'ima ba, ni da na tashi ina ganin mata na jan guga a rijiyoyin Adar masu zurhi har hannu ya yi kanta. Garin na zaune ne kan rairayi tsakanin teku da tabkin Nokuwe, shimfiɗe yake ba tudu, ko'ina anka tona kaɗan sai ruwa. Gidaje da yawa na da rijiya tsakar gida, ki miƙa hannu da ɗan guga ki ɗebo. Amma wannan ruwan na wanki ne da wanke wanke, kada ki sha kada ki ba yaro, don masai na kusa kuma duk rairayi guda ne. Na sha sai na pampo. Kuma wannan rashin tudun shi ke kawo ambaliya, watan Yuni in ruwa ya zuba kwana biyu a jere sai lungunan rairayi da suke ce ma von su cika, ki ga mutane sun naɗe wando suna ratsawa, wasu unguwanni irin su Vosa da Agla da Fifaji sun sha wannan wahala, waɗanda sunka ga ta shekarar 2010 har yau suna ba da labarinta. An yi gudoro da pabe da magudanan ruwa da yawa shekarun nan, an samu sauƙi a wurare, amma duk da haka ki ce ma maigidanki in zai kama ɗaki ya duba gindin bango, in ruwa na shiga gidan za a ga sawunshi. Wanda ya kama ɗaki da rani bai duba ba, damina ce za ta gaya mai gaskiya.

Ɗakin kuma, ki cire gidanku na Tawa daga ranki, mai zaure da turaka da garken awaki. Galibin masu farawa ɗaki guda ne, antire kushe, in Allah ya buɗa a koma shambur salon, wato ciki da falo. Kamin a ba da makulli sai an biya kosiyo, wato kuɗin ajiya, na wata uku, ga na dillali, ga kuɗin kuran da na ruwa, har shara sai an biya masu kwasa. Gida guda za ki iske iyali biyar shida, kowa da ƙofarshi, bayi guda, igiyar shanya guda. Maƙwabciyarki ta dama Bayarba ce musulma, ta hagu ƴar coci ce masu fararen kaya da ke tahiya ba takalmi, na ƙarshen gida kuma mai bin vodun ne, addininsu na gargajiya, don can addini ne da gwamnati ta san da shi, cikin watan Janairu ake bikinshi. Da farko abin zai ba ki tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma abin da na gani da idona, ranar da zazzaɓi ya kama yarona tsakar dare maigida na hanyar Paraku, wannan ƴar cocin ce ta ɗaura zane ta hita cikin yayyahi ta tsaida mai babur, ta raka ni likita ta zauna da ni har gari ya waye. Ki riƙe sallarki da hijabinki, ba wanda zai hana ki, masallatai na nan ko'ina, babban masallacin unguwar Zongo ranar Juma'a har kan titi ake sahu. Amma ki gaida mutane. Can ba a kiran mace da sunanta, Maman wane ake cewa da sunan ɗanta, musulma kuma Alaja ko ba ta je Makka ba. Ki koyi gaisuwar sahe da yaren Fon, a fon ganji a, da godiya, awanu, za ki ga yadda huskar tsohuwa ke buɗewa.

Abinci. Can masara ce sarauniya, tuwonta da suke ce ma pat, da akasa mai tsami da ake naɗewa cikin ganye, da amiwo wanda ake tuƙawa da tumatir, sai garin rogo, doya, manja, barkono mai yawa. Kihi kam akwai, ba irin na Tabalak da munka sani ba, na teku ne iri iri, ɗanye da banda, ga jatan lande ga ƙaguwa, in kin je wajen masunta kusa da por, wato tashar jiragen ruwa, da sahe kina ganin ana sauke shi. Nama ne da tsada, kuma galibi mutanenmu ne ke sana'arshi, duk inda kinka ga hayaƙin tsire da yamma, cacanga suke ce mai, ki yi sallama da Hausa za a amsa miki. Abarba, kwakwa, ayaba, gwanda, lemu, waɗannan yara za su ci su ƙoshi da kuɗi kaɗan, abin da nan sai marar lahiya ake saye ma. Amma hura. Wallahi ba abin da na yi kewa irin hura da nono na hantsi. Gero ana samu a Zongo da Tokpa amma da tsada, nonon shanu mai kyau irin na Filaninmu kuwa sai an sha wuya, yawanci da yawur ko madarar gari ake damawa, ana sha dai don ba yadda za a yi. Akwai wagashi, cukun Filanin Benin mai taushi da ake soyawa a sa a miya, shi na so shi tun ranar farko.

Kasuwar Dantokpa, da kowa ke ce ma Tokpa, lokacin da na isa garin tana bakin ruwan da ya haɗa tabki da teku, tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta yamma, ranar farko kada ki shiga ke kaɗai don za ki ɓata. Can ne na iske buhunan albasar Galmi jibge, jar nan tamu, da ƴan uwanmu zaune kai suna lissahi da Adaranci, sai da na tsaya na gaida su ɗaya bayan ɗaya don daɗi. Gwanjo kuma a lokacin sai kasuwar Misebo. Zuwa ko'ina kuma da zem ne, wato kabu kabunsu, masu rigar ɗorawa, sun cika gari ba iyaka. Ki yi ciniki kamin ki hau, wuri kusa dala arba'in zuwa sittin, nesa dala ɗari ko hiye, kuɗinmu guda ne sefa ba canji. Doka ta ce a sa kaske, wato hular kwano, da mai tuƙi da wanda anka ɗauka, gara ki sayi naki ki riƙa ɗorawa kan hijabi. Kuma don Allah, wannan da babbar murya nike faɗi, ki tattara hijabinki da bakin zanenki ki danne kan cinya kamin ya tashi, dogon hijabi in ya shiga taya yana fizgo mace ƙasa, an sha yin haka.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Abin da ke karya matanmu a Kwatano ba danshi ba ne ba kuma abinci ba, zaman ɗaki ne. Nan Tawa ko kina kulle ba ki kaɗai ba ce, ga uwar miji, ga faccaloli, ga yaran maƙwabta na shige da hice, ga mai tallan nono ta zauna ku taɓa hira. Can maigida zai hita tun asuba, ko por ko wajen saida motoci na Sekanji kan hanyar Porto Novo ko kasuwa, ba zai dawo ba sai bayan isha'i a gajiye. Matan gidan duk sun watse neman kuɗi tun ƙarhe bakwai. Ke kaɗai cikin ɗaki guda da bantilate da waya, kina kallon status ɗin bikin da ake yi a gida ba ke. Na yi wannan zaman, na san ɗacinshi, har abinci ya daina shiga.

Wata Hajiya ce a Zongo, mutuniyar wajen Madawa, ta daɗe can har ta aurar da jikoki, ta dube ni wani gidan suna ta ce, ɗiyata zo nan, mi ke damunki kinka bushe haka. Na ce ba komi Hajiya. Ta ce ƙarya kike, ni ma na yi irin shi, garin nan ba a zama cikinshi da hannu biyu, mi kinka iya. Na ce na iya dambu da haɗin turaren wuta da lalle. Ta ce to kin hi wasu, jibi ki kawo min dambun zogale in ɗanɗana. Daga nan na fara. Ita ta sa ni cikin adashen matan unguwa, ita ta sa ni group ɗin WhatsApp na ƴan Nijar mazauna garin, yau in an yi suna ko walima ana kira na tun ana saura kwana uku. Ba dukiya nike tarawa ba, amma kuɗin sabulu da na ɗinkin yara da ɗan abin da nike tura ma Inna ta Nita ba na jiran kowa, kuma abin da ya hi kuɗin, na san mutane, mutane sun san ni, in ba a gan ni ba kwana biyu ana bugo waya.

Matan Benin sun koya min abu, kuma ina girmama su a kai. Kasuwar nan tasu ce, tun daga mai tiren lemu a ka har mai shagon atamfa da ke oda daga waje. Mace da goyo a baya, kwando a ka, tana ratsa motoci tun sahe, kuma ita ke biyan kuɗin lakwal na ɗiyanta. Ban ce mu zubar da al'adarmu mu bi tasu ba, akwai abubuwansu da ba zan taɓa ɗauka ba. Amma neman halal na mace ba abin kunya ba ne, kakanninmu ma sun yi kaɗi sun yi ƙuli ƙuli sun saida hura daga cikin gida. Shi ya sa nike ce ma duk wadda za a kai, ku yi wannan magana da maigidanki tun nan, gaban manya in da hali, kamin a ɗaura kaya kan mota. Ya yarda za ki yi sana'a ko daga ɗaki ne, ya yarda za ki je sabgar ƴan gari, ya haɗa ki da matan abokanshi. Ku maza da ke karantawa, don na san kuna karantawa, in ka ɗauko ɗiyar mutane ka kai ta inda ba ta da uwa ba ta da yare ka ruhe ta ɗaki guda, ba kishi kake ba, cutarwa ce, kuma Allah zai tambaye ka.

Ki sani kuma kuɗin can ba yadda ake gani ba ne. Yana shigowa, amma komi saye ne, gawayi ko gaz, ruwa, ko ganyen miya, ba gona ba akuya ba rumbu. Ga gida na jira, duk wata sai an aika, hatsi ya ƙare, za a yi ma wane aure, an kwantar da wance. Mijin da kike gani da sabuwar shadda ranar Sallah, wataƙila wata uku yana cin garin rogo da suga don ya haɗa kuɗinta da na tsaraba.

Abin ya ƙara tsanani tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta yamma CEDEAO ta sa ma Nijar, anka ruhe iyaka. Kamin nan galibin kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku ta por ɗin Kwatano suke bi, dubban mutanenmu daga nan suke ci, taranzite, direbobin kamiyo, ƴan kamasho, masu dako, har mai saida musu shayi. A Fabrairun 2024 an ɗage takunkumin, Benin ta buɗe ɓangarenta, amma ɓangarenmu gadar ta ci gaba da zama a ruhe, kaya sunka koma Lome su biyo ta Burkina. Maza da yawa da na sani sun bi kayan zuwa Lome, wasu sun tattara iyali sun dawo gida. Mu masu zuwa ganin gida sai mota ta sauke mu Malanbil, a kwashi kaya a kai bakin kogi, a shiga kwale kwale, a ƙetare, a sake neman wata motar a Gaya, kowane mataki da kuɗinshi. Ki yi tunanin mace da goyo da yaro a hannu da jaka, ba ta iya ruwa ba, jirgi cike. Ni ba ƴar siyasa ba ce, addu'ata dai Allah ya daidaita tsakanin manya, don mutanen Gaya da na Malanbil dangin juna ne, kuma akwai waɗanda uwayensu sunka rasu ba su samu jana'iza ba saboda wannan hanya. Duk yadda ake ciki lokacin tahiyarki, ki riƙe katin ɗan ƙasa, katin rigakahi, takardun haihuwar yara da ta aure, ki naɗe su cikin leda biyu.

Teku kuwa, da kowa ke tambaya ta, za ki yi mamaki in na ce sai a yi watanni ban gan ta ba, alhali tana nan kusa. Ranar farko da anka kai ni Fijirose na tsaya bakina sai tasbihi, ruwa har inda ido ya ƙare, ga ƙara ba tsayawa, ga manyan jirage can nesa suna jiran shiga por, ga masunta sun yi layi suna jan koma da waƙa. Ya kamata kowane musulmi ya gani ko sau ɗaya. Amma tekun wajen nan ba ta wasa ba ce, igiyar ruwanta na ja ta ƙasa, ƴan garin ma da sunka iya ruwa tsoronta suke, kuma tana cin mutane, sau da yawa baƙi irinmu ranar Sallah ko sabuwar shekara, an shiga don a ɗauki hoto. Kada ki saki hannun yaro, kada ki yarda ruwa ya wuce idon sawu. Ta wajen Akpakpa ma har gidaje ta ci, sai da anka jera manyan duwatsu don a tare ta.

Sauro babu rani babu damina, palu, wato zazzaɓin sauro, duk shekara, sange dole ne kowane dare, kuma yaro in ya yi zahin jiki kada ki tsaya jiƙe jiƙe, ki kai a gwada jini. Ki ajiye ɗan kuɗi gehe na wannan kaɗai, don magani sai an biya ake ba ki. Haihuwa in da hali ki zo gida ki yi, in babu hali kada ki ji tsoro, matan Zongo na tsayawa, su za su dafa miki ruwan wanka su dama kunun kanwa su kwana da ke, haka anka yi min, haka ni ma nike ma wasu yanzu.

Abin da ke hana ni barci yanzu maganar yara ce. Suna lakwal, Faransanci ya zauna bakinsu, Fon sun tsince ta tsakar gida ba wanda ya koya musu, har su ke yi min tafinta a kasuwa, kuma ina jin daɗin haka don zai amfane su. Da yamma suna zuwa makarantar allo wajen wani malami mutumen Illela. Amma Hausarsu ta yi siriri. Cikin ɗaki na kafa doka ba a yi min wani yare, duk da haka zuwan nan da munka yi, Inna ta ce ma babbar ɗiyata ta ɗauko mata faifai ta rufe hura, yarinya ta tsaya tana dubana. Ba ta san sussuka ba, ba ta san surfe ba, ba ta taɓa ganin ana ɗiban hatsi daga rumbu ba, kuma gaisuwar manya sai na riƙa tuna mata ta durƙusa. Inna ta ce in bar mata ita ta yi shekara biyu nan ta shiga lakwal ɗin Tawa, babanta ya ce a'a karatunta zai koma baya kuma ba ya son raba ta da ƙannenta, ni kuma raina ya kasu, ina son ta san gida kuma ban iya tunanin komawa in bar ta bayan wannan kogin. Mun tsaida dai duk bakansi babba za su riƙa zuwa su yi damina nan ko da mi hanya take ciki, maganar barin ta kuma sai baban ya zo da kanshi sun zauna da Inna da Kawu.